Santimita 620 a Yamai, mita 11 a Lakwaja: wanne ne ya shafi gonarka?

Wani manomin shinkafa da ke gaɓar Kogin Kwara a jihar Kebbi ya aiko da tambaya. Ya ce kowace damina yana jin rediyo na cewa ruwa ya kai santimita kaza a Yamai, ya kai mita kaza a Lakwaja, can kuma a ce Kamaru za ta buɗe dam. Ya ce: "Ni dai na rasa wanda zan ji tsoro. A 2020 ruwa ya cinye mini gona shinkafa tana fitar da kai. Yaya ake auna kogin nan? Kuma akwai abin da mu mutanen ƙauye za mu yi mu san ruwa na tafe tun bai iso ba?"

Malam, Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Na yi shekaru ina aikin awon koguna, na shiga kwalekwale da na'ura, na kuma zauna da littattafan masu karanta geji, wato allon awon tsayin ruwa, don haka tambayar nan taka ta taɓa ni inda nake ji.

Bari in fara sauke maka nauyi ɗaya. Dam ɗin Lagdo na Kamaru a kan Kogin Binuwai yake, kuma Binuwai ba ya haɗuwa da Kwara sai a Lakwaja, ɗaruruwan kilomitoci ƙasa da kai. Ruwa ba ya hawa tudu ya dawo maka. In Kamaru ta saki ruwa, mutanen Yola da Numan da Ibi da Makurɗi da Lakwaja ne za su tashi tsaye. Haka awon Lakwaja: labarin ruwan da ya riga ya wuce ka ne. Kai kunnenka ya kamata ya kasance a Yamai, da Gaya da Malanbil da ke fuskantar juna a iyakar Nijar da Benin, da tashar Jidere Bode a nan jiharku, inda hukumar kula da al'amuran ruwa ta Najeriya, wato NIHSA, take duba kogin bayan ya shigo ƙasa. Sannan Gulbin Rima da na Sakkwato, da madatsun Goronyo da Bakolori da ke kansu.

To, mene ne wannan lamba da ake faɗa?

Yawancin mutane suna ɗauka zurfin kogi ne. Ba shi ba ne. A kowace tashar awo ana kafa allunan ƙarfe masu zane-zane na santimita, a jikin ƙafar gada ko a jere bisa gaɓa kamar matakala, ɗaya na karɓar ɗaya. Shi ne geji. Sifilinsa wani wuri ne da ma'aikata suka zaɓa ranar da aka kafa tashar, galibi ƙasa da inda ruwa yake janyewa da rani, suka ɗaure shi da wata alama da ba ta motsi, kamar dutse ko ginin siminti. Lambar da ka ji a rediyo ita ce tsawon da saman ruwa ya yi bisa wannan sifili. Tsakiyar kogin tana iya fin haka zurfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba a gwada mita 6 na Yamai da mita 11 na Lakwaja a ce Lakwaja ta ninka. Kowace tasha da nata sifilin, kuma lambarta ba ta da ma'ana sai an jera ta da lambobin wannan tashar na jiya da na bara da na shekaru hamsin baya.

Ɗauki Yamai. Ana rubuta awon kogi a can tun 1929. Daga wannan dogon tarihi aka gane matakin da ruwa ke fara shiga gonaki da wanda yake fara shiga unguwanni, aka yanka matakan gargaɗi uku: santimita 530 alamar ɗorawa, 580 ruwan lemo, 620 ja. A watan Agustan 2012 ruwa ya kai 618, mutane suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. A 2019 ya kai 638. A farkon Satumban 2020 ya taɓa 700, ya haure shingen kariya, ya shiga unguwannin Harobanda da gonakin shinkafa na gefen birni. Wannan ruwan ne ya gangaro ya same ku. Littafin nan kuma shi ne ya riƙe shaidar watan Yunin 1985, lokacin da Kwara ya daina gudu a Yamai saboda fari, mutane na tsallaka shi da ƙafa. Da ba a riƙa rubutawa kullum ba, da duk waɗannan sun zama hirar tsofaffi, kowa da tasa ruwayar. Lakwaja ma haka: a ƙarshen Satumban 2012 geji ya nuna mita 12.84, shekarar da ambaliya ta raba mutum sama da miliyan biyu da muhallansu a Najeriya, a Oktoban 2022 kuma ya haura mita 13. Don haka in ma'aikaci ya ji mita 11 a Lakwaja a tsakiyar Satumba kuma ruwa na ci gaba da hawa, ya san da shekarun da zai kwatanta.

Tsayin ruwa rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne yawan ruwan da ke wucewa ta wurin a kowane sakan, kuma nan ne ainihin wahalar aikinmu take. Ana ƙidaya shi da kubik mita. Kubik mita ɗaya lita dubu ce, wato duro biyar na lita 200, ko jarka arba'in mai lita 25. A ƙololuwar ambaliyar 2020, abin da ke wucewa ta Yamai ya zarce kubik mita 3,000 a sakan. Ka lissafa: sama da duro dubu goma sha biyar kafin ka ƙifta ido, dare da rana.

Yadda ake samunsa kuwa, lissafi ne da ɗan firamare zai gane, aiwatarwar ce sai mai haƙuri. Ana ja igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, ko a bi gada, a raba faɗin kogin gida ashirin ko fiye. A kowane gida a auna zurfi, sannan a saukar da wata na'ura mai farfela wadda ruwa ke juyawa, yawan juyinta ya ba ka saurin ruwan. Ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu domin na ƙasa yana gogar yashi da duwatsu, don haka ba a auna ko'ina: in wurin ba zurfi, a sa na'urar a kashi shida cikin goma na zurfin daga sama, in da zurfi, a auna a kashi biyu da kashi takwas a raba tsakani. Faɗi sau zurfi sau sauri, a tara na duk gidajen. A babban kogi wannan aikin yini ne cur. Yanzu akwai na'urar da ake ɗaurawa a jikin jirgin ruwa, tana aika sauti ƙasa tana sauraron dawowarsa daga ƙurar da ke cikin ruwa, ka tsallaka sau huɗu ta ba ka zurfi da sauri gaba ɗaya cikin awa guda. Tana da tsada, kuma ba kowane ofishi ke da mai lafiya ba.

Tunda ba za a iya wannan kullum ba, sai a yi dabara. A auna yawan ruwa lokacin da geji ke ƙasa, a auna yana tsakiya, a yi ƙoƙari a auna yana sama. In aka tara awo talatin ko arba'in a zana su a takarda, sai su ba da lanƙwasasshen layi mai cewa: geji kaza, ruwa kaza. Daga nan mai karanta geji ya faɗi lamba, ofis ya duba layin ya fitar da yawan ruwa.

Ina so ka riƙe wani abu game da layin nan, domin shi ne sirrin da ba a faɗa a rediyo: yana tsufa. Kogi ba bututun ƙarfe ba ne. Yashi na cike shi, ambaliya na yashe shi, gaɓa na zaftarewa, a gina shinge a matse shi. In yashi ya taru a ƙasa, ruwan da a da yake tsayawa a 550 yanzu sai ya nuna 590, alhali yawansa bai ƙaru ba. Mutanen Haɗeja da Nguru sun fi kowa sanin wannan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani a rassan kogin, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi, har ya zama ruwa kaɗan ma sai ya tumbatsa ya fantsama gonaki, na ƙasa kuma wajen Gashuwa suna jiran abin da bai iso ba. Tashar da aka shekara goma ba a sabunta layinta ba, lambar gejinta gaskiya ce, amma yawan ruwan da ake fitarwa daga ita zato ne. Kuma mafi raunin layin yana can sama, wurin babbar ambaliya, domin ranar da kogi ya haukace ba kowa ke yarda ya shiga jirgi ya auna ba, ni ma ban ga laifinsa ba.

Yanzu ga abin da ya sa Kwara ya bambanta da gulbin bayan gari. Cikowa biyu yake yi a shekara a wajenku, kuma na tabbata masuntanku sun san su tun kafin a haife ni. Ta farko ta marka ce, Agusta zuwa Satumba. Ruwanta ja ne ko fari-fari saboda laka, kuma yawancinsa daga rassan da ke fitowa daga Burkina Faso yake, Gorouol da Dargol da Sirba, waɗanda ke zuba cikin Kwara sama da Yamai, sai na Benin irin su Mekrou da Alibori da Sota da ke shiga ƙasa da ita. Wannan ita ce mai zuwa da gaggawa, ita ce mai cin gona. Ta biyu ruwan da ya sauka ne a tsaunukan Gine, ya bi ta Bamako, ya bazu a makekiyar fadamar Mali tsakanin Mopti da Tambutu, ya yi watanni yana rarrafe, rana ta sha nata, laka ta kwanta, sannan ya iso Yamai wajen Disamba zuwa Janairu yana baƙi wuluk don tsabta. Ma'aikatan Kainji suna kiransu farin ruwa da baƙin ruwa, kuma da lissafinsu suke tsara wutar da za su bayar. Baƙin ruwa ana ganin tahowarsa tun da watanni, mai noman rani zai iya shiri da shi. Jan ruwa, wato na markan nan da suke kira fari, kwanaki kawai yake bayarwa. Abin mamaki, tun bayan farin shekarun 1970 da 1980 jan ruwan ƙaruwa yake yi, har ya zo yana fin baƙin tsayi a Yamai. Dalili shi ne daji ya ƙare, ƙasa ta yi fako, ruwan da a da yake nutsewa yanzu gangarowa yake yi kai tsaye. Shi ya sa aka sa na'urori a kan Sirba, irin ta Garbey Kourou, don a ga tashinsa kafin ya faɗa babban kogi.

Kwana nawa daga Yamai zuwa gare ka? Tsakanin Yamai da Gaya kimanin kilomita 300 ne. In ruwa na tafiyar mita ɗaya a sakan, yana cin kilomita 86 a yini, ka ga kwana uku zuwa huɗu ke nan ya taɓa iyaka, sannan a ƙara abin da ke tsakaninka da iyakar. Wannan ƙiyasi ne na farawa. Sahihin adadin garinku littafinku ne zai ba ku, zan zo kansa. Kuma kada ka manta da Rima. In Kwara ya cika maƙil, ruwan Rima ba ya samun wurin zuba, sai ya ja baya ya kwanta a fadama. In aka yi rashin sa'a a makon aka buɗe ƙofofin Goronyo, fadamun Argungu da Birnin Kebbi da na ƙasa da su sun shiga tsakanin ruwa biyu.

Masu wannan aiki a hukumance suna nan. Hukumar raya Kogin Kwara ta ƙasashe tara, wadda aka kafa a 1980 kuma hedikwatarta ke Yamai, tana tattara awon tashoshi daga Gine har Najeriya. Cibiyar AGRHYMET, mai nazarin yanayi da ruwa da noma a yankin Sahel, ita ma a Yamai take. A gida NIHSA na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, hukumar hasashen yanayi NiMet na ba da na ruwan sama, hukumar agajin gaggawa NEMA da takwarorinta na jihohi su ne masu kai ɗauki. Wasu tashoshin yanzu suna da na'urar da ke auna ruwa da kanta ta aika ta layin waya ko tauraron ɗan'adam. Akwai ma taurarin da ke auna saman manyan koguna daga sararin samaniya, kamar SWOT da Amurka da Faransa suka harba a Disamban 2022, sai dai shi sai bayan kwanaki yake sake bi ta kan wuri ɗaya, ambaliya kuwa ba ta jira.

Duk da haka zan faɗa maka ra'ayina ba ɓoyo. Na'ura ba ta maye gurbin mutum mai amana da littafi ba. Na taɓa zuwa wata tasha na tarar an kwance farantin hasken rana da batir, allunan gejin ma 'yan gwangwan sun ɓalle uku. A wata kuma na buɗe littafi na ga lamba ɗaya an jera ta kwana goma sha ɗaya a tsakiyar Agusta. Da na zauna da dattijon da ke karantawa, ya ce wata bakwai ba a ba shi ɗan abin da ake ba shi ba, ya koma gonarsa, in ya ji za mu zo sai ya cike gurbin. Ban iya yi masa faɗa ba. Amma kwanakin nan goma sha ɗaya sun tafi har abada, ba kuɗin da zai dawo da su. Ginin da ya rushe ana sake shi. Awon ranar da ba a yi ba, ba a rama shi. Kuma ko tasha na aiki lafiya, sanarwar da ke cewa "ƙananan hukumomi kaza na cikin haɗari" ba ta gaya maka ko ka yanke shinkafarka jibi ko ka bar ta ta ƙara mako. Wannan giɓin, tsakanin ofis da bakin gona, ku ne za ku cike shi.

Ku kafa gejinku. Ku nemi wurin da ruwa ke kwance ba ya tumfaye, ba a lanƙwasa ba, wanda za a iya hangowa daga tudu ba sai an shiga ruwa ba. In akwai ƙafar gada ko dutse, shi ya fi. In babu, ku kafa turakun ƙarfe ko na kirya da siminti, uku ko huɗu, suna hawa gaɓa, kan na ƙasa daidai da gindin na sama. Magini zai daidaita muku su da tiyon ruwan nan da yake lebur da shi. Ku zana kowane santimita goma da fenti, fari da ja, lambobi manya. Sannan ku kai lebur ɗin jikin wani abu da ba zai gusa ba, kamar harsashin masallaci, ku sa alama ku rubuta tsayinta, don in ruwa ya tafi da turke a mayar da shi daidai inda yake. In aka tsallake wannan, awon bana ba zai yi magana da na baɗi ba.

Mutum biyu su ɗauki karatun, manya, ba yara ba. Sau biyu a rana a lokaci ɗaya, bayan an fito sallar asuba gari ya waye da kuma bayan la'asar. In ruwa na tashi, kowace awa uku. A rubuta kwanan wata, lokaci, lamba, launin ruwa, da ko an yi ruwan sama. Ranar da ba a je ba a bar wurin fili. Fili ya fi ƙarya amfani sau dubu. Kuma ku yanka musu wani abu daga asusun ƙungiyar manoma, ko buhu ne a kaka.

Matakan gargaɗinku kuwa ba daga Abuja za su zo ba. Ku tara dattawa da sarkin ruwa su nuna inda ruwan 2012 ya tsaya da inda na 2020 ya tsaya, a jikin bango ko gindin kuka, da tsohuwar zuma ake magani. Ku kai waɗannan alamu kan gejin. Sannan ku lura da lambar da ruwa ke fara shiga gonar da ta fi kowace kwari, da lambar da yake yanke hanyar fita gari, da wadda yake taɓa gidan farko. Ta tsakiyar nan ita ce mafi muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa: dole mata da yara da tsofaffi da dabbobi da hatsi su fita kafin hanya ta yanke, ba bayan ruwa ya zo ƙofa ba. Ku kuma fi kula da saurin hawa a kan lambar kanta. In ruwa na ƙara santimita 5 a yini kuma saura 60 ya kai hanya, kuna da kwanaki. In ya koma 25 a yini, kwana biyu ne da 'yan awoyi.

Sai ku nemi abokan magana a sama. Garin da ke gaba da ku da tafiyar yini ɗaya ta ruwa, da na kwana biyu, har tsallaken iyaka. Hausa da Zabarmanci da Dandanci duk suna ci a gaɓar nan, kuma 'yan jirgi da 'yan kasuwar kifi sun san juna. Zauren WhatsApp ɗaya ya isa, kowa ya ɗauki hoton gejinsa da safe ya tura. Duk ranar da rediyo ta faɗi lambar Yamai, ku rubuta ta a gefen taku. Bayan damina biyu ko uku za ku buɗe littafi ku ga da idonku cewa in Yamai ta yi ƙololuwa, ku taku tana zuwa bayan kwana kaza. A kuma yanke tun yanzu wanda zai ba da umarnin shela, mai gari ne ko wakilinsa, da lasifikar masallacin da za a yi amfani da ita, don kada ranar a tsaya ana kallon-kallo.

In kuna son sanin abin da ƙaramar korama ko magudanar ban-ruwa ke kawowa, wannan ma kuna iyawa da rani. Ku auna mita 20 a miƙaƙƙen wuri, ku jefa lemo a tsakiya, ku duba agogon waya. A ce ya yi sakan 40, saurin sama rabin mita ke nan a sakan. Ku rage kashi 15 cikin ɗari saboda ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba. In faɗin mita 10 ne, matsakaicin zurfi rabin mita, za ku samu kubik mita biyu da ɗan ɗori, wato duro goma a sakan. Wannan na korama ne kawai. Kada kowa ya gwada shi a Kwara yana cike.

Akwai ruwan da gejinku ba zai hango ba. Ruwan sama mai ƙarfi da ya sauka a tudun bayanku cikin dare zai gangaro ta kwazazzabo cikin awa ɗaya ko biyu, kogi na kwance abinsa. Haka fashewar madatsa, irin ta Alau da ta mamaye Maiduguri a daren 10 ga Satumban 2024. Waɗannan sai lura da hadari, da nisantar gini a hanyar ruwa, da samun lambar wayar ma'aikatan madatsar da ke samanku.

Lokacin kafa turakun shi ne Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da baƙin ruwa ya janye, kogi ya koma ƙasa, jan ruwa bai taso ba. A lokacin ne za ku iya sa turken farko can ƙasa inda ruwa ba ya barinsa. In kun gama, ku je ofishin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ko ma'aikatar ruwa ta jiha ku roƙi a turo mai safiyo ya ɗaure sifilinku da alamar gwamnati, domin lambobinku su shiga lissafin kogin gaba ɗaya. Ku ajiye littafin a leda, a rataye shi sama, kuma duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafukan a tura wa mutum biyu da ba a garin suke kwana ba.